Motar da Za Ta Kai Baba Auren Dabino

Shekarun baya, shekarar da mahaifina ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, na ɗauki wani alkawari da ya fi ƙarfina, kuma duk a kan tsohuwar mota. Ɗazu wata ƙawata ta kira ni tana mita wai sanyi ya kashe mata batir, shi ne labarin ya dawo min. Na ce bari in zauna in rubuta muku kafin in shiga wata sabgar.

Masu zuwa Umara sukan ɗauka Madina zafi ne kawai. Ku zo lokacin marba'aniyya, kwana arba'in ɗin nan na tsakiyar sanyi, ku ji iskar da ke saukowa ta wajen Uhud da safe. Ruwan famfo kamar ya yanke maka yatsu. Mutum mai jini ma yana ji, balle ƙarfen da ya kwana a titi.

Motar Baba fara ce, doguwa, mai giyar hannu, kuma ta girme ni. A ƙofar gidanmu take kwana, a unguwar Sih. Murfin injinta ya daɗe da daina buɗuwa daga ciki, sai Baba ya ɗaura wata waya da ta ɗan leƙo ta gaba, in ba ka san wurin ba sai ka wuni kana lalube. Bayanta kuwa kullum cike yake da igiyar hawan dabino, lauje, wuƙaƙe, da wata tsohuwar tabarma.

Baba ma'aikacin gonar dabino ne a Awali tun kafin a haife ni. Da ya manyanta sai ya bar aikin kullum, sau biyu kawai ake nemansa a shekara. Ɗaya lokacin yankan dabino, ɗaya kuma ƙarshen sanyi, lokacin da ake ɗebo furen namijin dabino a cusa cikin na mace a ɗaure, don ta yi 'ya'ya. Larabawa suna da sunansu, shi dai Baba auren dabino yake cewa. Aikin da ya fi ji da shi ke nan, don da hanci yake gane namijin kirki. Sauran watannin motar tana ajiye, sai dai ya fita da ita da safe sau biyu a sati, ya zaga ya dawo. Ina ganinsa ina saurin fita makaranta: ya buɗe murfin inji, ya sunkuya, ya rufe. In na ɗan makara ma nakan ga ya shigo da farwarsa a kafaɗa, wato babbar rigar sanyin nan mai gashi a ciki. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka man inji yake dubawa.

Ciwon ya same shi bayan an gama yankan dabino. Ya dawo daga asibiti hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi sosai, harshe ya yi nauyi. Likita ya ce akwai sa rai, in dai zai dage a riƙe shi ya dinga takawa kullum. Da farko yana yi. Sai wata rana, sanyi ya fara shigowa, yayana da ke aiki a Jidda ya kira. Mahaifiyata ta buɗe muryar wayar a falo don mu ji tare, ba wanda ya lura ƙofar ɗakin Baba a buɗe take.

Yaya ya ce a kai motar nan tashlih, wato inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu, tun kafin ta yi ƙura baladiyya, wato hukumar gari, su liƙa mata takarda su ja ta, kamar yadda aka yi da ta maƙwabcinmu. Ya ce mu faɗa wa kanmu gaskiya, Baba ba zai sake riƙe sitiyari ba. Na juya ina jiran Umma ta taka masa birki, sai na ji ta ce gaskiyarsa ce, a rabu da ita, tarkace ce kawai ta tare ƙofar gida.

Washegari Baba ya ƙi tashi. Ya juya fuska bango. Kwana uku ana fama, ko taku ɗaya bai yi ba, abinci ma sai an yi da gaske. Rana ta huɗu na shiga na zauna a bakin gado ina ta surutu. Ya daɗe kafin ya haɗa maganar, don lokacin kalma ɗaya ma aiki ce a wajensa.

"Ita tashlih. Ni ma tashlih."

Ni kuma bakina ya riga kaina. Na ce, "Baba, ba inda za ta. Ni zan riƙe ta har sanyi ya wuce, kuma a cikinta zan kai ka auren dabino. Amma da sharaɗi. Mota tawa, ƙafa taka. Ranar da ka fasa takawa, ni ma na ajiye makulli."

Ya juyo ya kalle ni. Uwata yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

"Uwata, in ta mutu fa?"

"Ba za ta mutu ba."

"In ta mutu, ku bar ni in huta."

Da na fito daga ɗakin ne na gane abin da na ɗora wa kaina. Na ɗaure ƙafar mahaifina a jikin motar da ban san komai a kanta ba. Da na gaya wa Yaya sai ya yi dariya. Ya tuna min lasisina bai cika shekara ba, don lokacin ba a daɗe da fara barin mata su yi tuƙi ba, kuma a atomatik na koya. Ya ce to shi ke nan, ya ba ni zuwa lokacin auren dabinon, in ta ƙi tashi ranar, ba sauran magana. Na ce na ji. Umma ta tashi ta shiga kicin.

Dabarar da na fara da ita ita ce ta kusan gama da ni. Kullum in na dawo daga aiki bayan la'asar, sai in shiga motar in tayar da ita, in taka totur da ƙarfi don Baba ya ji daga taga, in bar ta minti biyar in kashe. Ina jin kaina kamar babbar injiniya. Har hoto nake ɗauka in tura wa Yaya don in ƙular da shi. Baba kuma ya cika nasa, ya koma takawa, Umma na riƙe da shi, daga gado zuwa ƙofar ɗaki.

Sati uku ina haka. Da marba'aniyya ta kama sosai, wata yamma na murɗa makulli sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, shiru. Na sake. Ko ƙas ɗin ma babu. Na zauna a cikin motar ina kallon tagar Baba, na san yana can ya kasa kunne.

Akwai wani abokin Baba, makanike ɗan Chadi, mai gareji a wajen Aziziyya. Kawu muke ce masa. Na kira shi ya zo. Da na ba shi labarin yadda nake yi, sai ya cire hula ya sosa kai.

"'Yata, wa ya koya miki wannan? Duk tayarwa ɗaya sai ta sha wutar batir, ke kuma kina kashewa kafin inji ya mayar masa. Sati uku kina ɗiba a tulu ba kya zubawa. Mota sai ta taka hanya. Tsayawa wuri ɗaya tana kuka ba ya ƙara mata komai."

Ya cire batir ɗin ya ce zai kwana biyu a wajensa yana shan wuta, a gani ko zai farfaɗo. Na shiga wajen Baba ina tunanin ƙaryar da zan yi, sai na kasa. Na gaya masa gaskiya. Ya tambaye ni mutuwa ce ko suma. Na ce Kawu ya ce suma. Ya miƙo min hannun hagu ya ce to ɗaga ni. Ranar ma ya yi takunsa.

Batir ya farfaɗo. Kawu ya karanto min dokoki, na rubuta a waya. Sau biyu a sati, tafiyar rabin awa a kan titi, ba ƙasa da haka ba. Kar tanki ya sauka ƙasa da rabi. Kar in kuskura in zuba mata ruwan famfo, koren ruwan nan na inji za a sa. In na ga farin gari ya taru a kan batir in wanke da ruwan ɗumi. In dinga goge mata ƙura, ina canza mata wurin tsayawa, kar a ɗauka yasasshiya ce. Sannan kafin in murɗa makulli in bubbuga murfin inji, don kuliyoyin unguwa suna shigewa ciki neman ɗumi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Matsalar ita ce giyar hannu. Kawu ya ba ni yamma biyu a wani fili bayan garejinsa. Ban san sau nawa ta mutu min ba. Ina sakin kuloci motar ta yi tsalle kamar akuyar da aka taka wa wutsiya. Kawu yana gefe ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana salati. Daga ƙarshe ya ce, "Kin iya daidai yadda ba za ki kashe kowa ba. Sauran sai hanya ta koya miki."

Na sa ranakuna, Talata da Juma'a bayan la'asar. Daga Sih in fita babban titin da ya zagaye gari, in yi ta tafiya har agogo ya cika, in juyo. Satin farko ta mutu min a tsakiyar shataletale, motoci suka taru a bayana ana ta danna ham, wani ya leƙo yana faɗa min maganganu da Larabci. Na ce a raina, yi ta yi, kai ba ka da uba a kwance. Na sake tayarwa na wuce.

Abin da ya fi min daɗi a wannan lokacin shi ne dawowa. Baba yana jin komai daga taga. Ina shiga ɗakin zai ɗaga min yatsu, wato sau nawa ta mutu min kafin in bar layinmu. Ni kuma in ce taku nawa yau? Ya ce goma sha biyu. In ce kai Baba, ko jaririn maƙwabta ya fi haka. Ya ce jaririn maƙwabta ba ya kashe mota sau uku a ƙofar gida. Haka muka yi ta tsokanar juna, yatsunsa na raguwa, takunsa na ƙaruwa, har ya kai falo, har ya fara riƙe ƙarfen nan mai ƙafa huɗu yana turawa da kansa.

Umma kuwa kullum cikin mita take. Wai ina ƙona fetur a banza, wai 'ya mace tana dawowa da baƙin mai a farce, wai ni da ubana mun haɗa kai za mu sa mata hawan jini. Tana min da Hausa ina amsa mata da Larabci, irin namu na yaran nan, abin ya ƙara ba ta haushi. Na riga na sa ta a ɓangaren Yaya, na daina ma gaya mata abin da nake ciki.

Akwai abu biyu da na gani a lokacin ban ɗauke su komai ba. Na farko, duk sanda na buɗe murfin inji don duba ruwa, sai in ga wani gashi-gashi ruwan toka ya maƙale a kan batir da wayoyi. Na ɗora laifin kan wata kyanwar maƙwabta, har korarta nake in na gan ta, baiwar Allah. Na biyu, wata rana ina ɗakin Baba ya ce a ba shi farwarsa, Umma ta ce tana wanki, ta jefa masa bargo. Bayan sati biyu ya sake tambaya, ta sake cewa tana wanki. Na ga ya yi wani ɗan murmushi da ɓangaren bakinsa mai lafiya, bai sake tambaya ba.

A ƙarshen sanyi mai gonar ya kira. Ya ce mazajen dabino sun fara tsagewa, ranar Asabar za a fara, yana so Baba ya zo ko da zama ne ya yi, ya nuna wa ma'aikata wanda za a ɗiba. Ranar Laraba ce ya kira. Baba ya sa aka yi masa aski.

Ni kuma na ce bari in yi abin burgewa. Na ɗauki hutun safiyar Alhamis a wajen aiki ban gaya wa kowa ba, da niyyar in kai wa Kawu motar ya yi mata dubawar ƙarshe, in dawo da ita tana ƙyalli. Tunda na fara wannan hidima ban taɓa taɓa motar da safe ba, sai ranar. Kuma sanyi ya ɗan dawo a satin, irin na bankwana. Na fito, na bubbuga murfi saboda kuliyoyi, na shiga na yi bismillah na murɗa.

Ta tashi lafiya. Daƙiƙa biyu, sai wata irin ƙara kamar ana yaga buhu a cikin injin niƙa, sai fas, wani abu ya karye, sai warin gashi mai ƙuna ya cika motar. Kafin in gane me ke faruwa, sai ga Umma ta fito a guje, ƙafa ba takalmi, ta yafa sallaya a ka, tana dukan gilashi.

"Kashe! Kashe ta!"

Na kashe. Ina fitowa na ga ta durƙusa gaban motar, ta sa hannu ta ja wayar nan ba tare da ta laluba ba. Ni sai da Kawu ya nuna min wurin sau biyu. Ta ɗaga murfin. Ga farwar Baba nan, rabinta shimfiɗe a kan inji, rabi ya naɗe a jikin fanka. Bel ya tsinke, fiffiken fanka biyu sun karye.

Na tsaya ina kallonta, tana kallon farwar. Na ce Umma, me wannan take yi a nan? Ta ce cikin faɗa, wai me ya fito da ni da safe, ba Talata da Juma'a ba ne, ba bayan la'asar ba ne? Ashe tun shigowar sanyi, kullum in inji ya huce bayan sallar isha'i sai ta fito ta lulluɓe shi da farwar, in na tafi aiki da hantsi ta cire ta ɓoye a ɗakin ajiya.

"Umma, ke da kika ce a kai ta tashlih?"

Ta ci gaba da ƙoƙarin zare farwar daga fanka. Sannan ta ce, ba ta kalle ni ba, "Na ce a kai ta don kar ya sa rai. Mutum ya sa rai ranar ta zo ya kasa, wannan ya fi ciwon. Amma tunda ke da shi kun ƙi ji, sai in bar ta ta kwana a sanyi?"

A lokacin ne na tuna da taga. Baba ya ji ƙarar nan, kuma ya san ƙarar lafiya da wadda ba ta lafiya ba. Maganarsa ta dawo min, in ta mutu ku bar ni in huta. Na juya zan ruga ciki, sai na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti.

Yana tsaye a ƙofar gida. Ƙofar waje, ba ta falo ba. Shi kaɗai, da ƙarfensa, da jallabiyar barci, yana haki. Tunda ya dawo daga asibiti bai taɓa kaiwa nan da ƙafarsa ba. Muka yi kansa mu biyu, ya ɗaga mana hannu wai mu tsaya. Ya leƙa ya ga farwar, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya yake.

Da muka zaunar da shi a kujera, a hankali ya ba ni labarin. Tun suna sabon aure, shekarar da suka fara cin sanyin Madina, Umma take lulluɓe masa inji. Ya sha gaya mata ƙarfe ba ya jin sanyi irin namu, ta ce ai da safe tari yake kamar mutum. Da ya ga ba za ta daina ba, sai ya mayar da shi al'ada, kullum kafin ya tayar sai ya buɗe ya cire. Wato abin da nake gani ina yarinya ke nan, ba man inji yake dubawa ba, kuma farwar da yake shigowa da ita a kafaɗa ba da ita ya fita ba. Ya ce tun ranar da ta ce tana wanki ya san inda take.

"Wanki wata biyu?" Ya kalli Umma. "Ranar na san ba ki cire rai ba."

Umma ta ce ya daina surutu iska na shigar masa ƙirji, ta juya ta shige gida tana gyara sallayar kanta. Shi kuma ya tambaye ni irin tambayar da ya saba, mutuwa ko suma. Na ce ban sani ba tukuna, amma Asabar za mu.

Kawu ya zo ya duba. Ya ce mun yi sa'a ba ta kama wuta ba, kuma lagireto bai fashe ba. Bel ba matsala, yana da shi. Fanka ce aiki, irin ta wannan motar an daɗe da daina kawowa. Wunin ranar ni da shi muka zaga duk inda ya sani a Madina, har tashlih ɗin da na rantse motar ba za ta shiga ba, ni na shiga da ƙafata. Ba mu samu ba. Wani ya ce a haɗa mata ta wata motar da dabara, Kawu ya ce ba zai ɗora abokinsa mara lafiya a kan dabara ba.

Da yamma na haɗiye girman kaina na kira Yaya. Na shirya jin ai na gaya miki. Na ba shi labari tun daga farko, da na zo wajen Baba a ƙofar gida sai ya katse ni. Ya ce ƙofar waje? Na ce ƙofar waje. Ya ce shi kaɗai? Na ce shi kaɗai. Ya ce in turo masa hoton fankar ta kowane ɓangare.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga shi a ƙofar gida, ya tuƙo tun daga Jidda, da fanka naɗe a cikin tsohuwar jarida. A tashlih ɗin can ya samo, a jikin wata irin tamu da aka riga aka kwance rabinta. Ya miƙo min yana cewa ai ga amfanin tashlih ɗin da nake zagi. Na ce ya yi wa wasu amfani, ban da tamu. Kafin magariba Kawu ya ɗaura. Na murɗa makulli ta tashi, na kalli taga, na ga hannun hagu ya ɗago labule.

Asabar da safe, abu na farko da na yi shi ne buɗe murfin inji. Ba komai a ciki. Umma ta ce in daina kallonta haka. Yaya ya miƙo hannu wai in ba shi makulli, Baba ya ce a'a, direbansa daban. Muka sa shi a gaba, Umma da Yaya a baya. Umma ta yanke inda farwar ta ƙone ta ɗinke bakin, ta rufa masa a gwiwa. Daga Sih har Awali sau ɗaya ta mutu min, a wata kwana kusa da katangar gonaki. Baba ya ɗaga yatsa ɗaya.

Tun kafin mu kai, tsofaffin ma'aikatan suka ji kukan motar suka buɗe ƙofa. Aka shimfiɗa masa tabarmarsa ta bayan mota, aka ɗora kujera. Suka dinga kawo masa furen mazaje yana shinshinawa. Na farko ya ce bai nuna ba, a ba shi kwana biyu. Na biyu ya kawar da kai. Na uku ya daɗe da shi a hanci, ya lumshe ido, ya ce wannan. Ni ma na shinshina, ƙamshi ne kamar na kwaɓaɓɓen fulawa, ban ji bambancinsa da sauran ba. Akwai wata 'yar ƙaramar macen dabino da furenta bai wuce ƙirjin mutum ba. Baba ya ce a kai shi. Ya taka da ƙarfensa a cikin ƙasar gona, ya cusa furen da hannun hagu, ya ce in riƙe masa bakin ganyen, muka ɗaure tare. Ɗaurin bai yi kyau ba, amma ya kama.

Abin da ya zauna min daga wannan sanyin ba batun batir ba ne, kodayake shi ma na koya, kuma ƙawata ta sha lacca ɗazu. Wata uku ina ganin ni kaɗai ce na tsaya wa Baba, ina jin haushin matar da take fitowa cikin sanyi kullum tana yin nata ba ta gaya wa kowa ba. Nata ɗin ya karya fanka, gaskiya ne. Nawa ma ai ya sumar da batir. Tun daga lokacin, in mutum yana min mita a kan wani abu, nakan ɗan duba me hannunsa yake yi kafin in yanke masa hukunci.

Baba yana nan, da sanda yake tafiya yanzu. Bai sake tuƙi ba, nan kam Yaya ya yi gaskiya. Motar ma tana nan, Talata da Juma'a har yau, kuma duk ƙarshen sanyi ni ce direban Awali. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya lulluɓe inji da tsumma, Kawu ya ce wuta take jawowa, kuma ba abin da take ƙara wa mota. Mun gaya wa Umma haka mu huɗu, har da shi Kawun. Ta ce ta ji. Abin da muka iya samu a wajenta shi ne, duk ranar da ta rufa, za ta ɗaura jan ƙyalle a hannun ƙofar direba.

Da safen nan da zan fita aiki na wuce ta gefen motar. Jan ƙyallen yana nan a ɗaure.